Yadda ake jin daɗin zama a bakin teku, daga tattaki har zuwa shiga kwale-kwale

Akwai mutanen da zasu shekara goma a bakin teku amma in ka tambaye su ƙarfe nawa ruwa zai cika yau sai su tsaya suna kallonka kamar ka yi musu wani yare. Teku na nan a bayan gidansu, suna jin ƙararsa dare da rana, amma ba sa zuwa sai in an yi baƙi, a je a ɗau hoto a dawo. Ni ma haka na fara. Abin da ya canza min zaman shi ne ranar da na gane cewa teku agogonsa daban, ba ruwansa da na hannunka, kuma in ka koyi karanta wannan agogon toh sauran abubuwan, yawon da abokan da jirgin, duk a hankali suke zuwa da kansu. Ga yadda zaka bi.

Mataki na 1: koyi lokacin cika da janyewar ruwa

A yawancin gaɓar tekun duniya ruwa na cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya. Tsakanin cika da cika ta gaba kusan awa 12 da minti 25 ne, shi ya sa kullum lokacin ke matsawa gaba da kamar minti 50. Wato in yau ruwa ya janye ƙarfe 7 na safe, gobe sai wajen 8 saura minti goma. Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi. Lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, da kwana ɗaya ko biyu bayansu, su biyun suna layi ɗaya da duniya, sai ruwa ya cika sosai kuma ya janye sosai, har ka ga duwatsu da filin yashin da baka taɓa sanin suna wurin ba. In rabin fuskar wata kawai ake gani a sama kuwa, bambancin kaɗan ne.

Amma fa ba ko'ina ne ɗaya ba. A mashigin Fundy na Kanada ruwa kan hau ya sauka da kusan mita 16, a Bahar Rum kuwa mafi yawan wurare ko mita ɗaya ba ya kaiwa, wasu sassan mashigin Meziko ma sau ɗaya kawai yake cika a rana. Dan haka nemi jadawalin wurin da kake, ana samunsa a intanet ko a manhajar waya ko a liƙe a tashar jirage, ka riƙa duba shi da safe kamar yadda kake duba saƙo.

Wani abu da mutane da yawa basu sani ba kuma shi ke rutsa su: ruwa ba da gudu ɗaya yake dawowa ba. A cikin awa shidan da yake ɗauka kafin ya cika, awar farko kashi ɗaya cikin 12 kawai yake hawa, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sai ya sake lafawa. Lissafa ka gani, rabin ruwan gaba ɗaya a waɗannan awa biyun na tsakiya yake shigowa. Shi ya sa mutum zai zauna kan dutse yana cewa ai ruwan ko motsi ba ya yi, can anjima ya waiga ya ga hanyar da ya biyo ta zama kogi. Ya taɓa faruwa da ni, na tsallako ruwa na kai min ƙugu, waya a baki, takalmi ɗaya ya tafi har yau ban sake ganinsa ba.

Mataki na 2: fara da ƙafa

Kar ka yi zumuɗin jirgi tukuna. Fita kamar awa ɗaya ko biyu kafin ruwa ya gama janyewa, sai ya zama kana bin ruwan yana ja da baya, kuma kana da lokacin dawowa ba tare da gudu ba. Taka yashin da ya jiƙe, wanda ke kusa da ruwa, ya fi tauri, busasshen nan mai laushi minti goma zai sa sharaɓarka ta fara kuka. Ka fara tafiya kana fuskantar iska dan in ka gaji ka juyo ta riƙa tura ka ta baya.

Shawarata ka zaɓi hanya ɗaya ka riƙe ta, ka bi ta sati biyu uku a jere. Kamar zai gundure ka amma wallahi ba ya gundura, saboda gaɓar da ka bari jiya ba ita zaka tarar yau ba. Tudun yashi ya matsa, ruwa ya kawo wani gungumen ice, ramukan ƙaguwa sun ƙaru, ga ƙananan tsuntsayen nan da ke bin igiyar ruwa da gudu in ta koma su caccaki yashi, in ta dawo su arce, kai ka ce wasan 'yar tsere suke da teku. Leƙa kududdufan da ruwa ya bari tsakanin duwatsu, ka tsuguna shiru na minti biyu kawai, abin da ka ɗauka tsakuwa ce zaka ga ta tashi tana tafiya. In ka ɗaga dutse ka mayar da shi yadda ka same shi, gidan wani ne.

Dutse mai gansakuka santsi gare shi kamar sabulu. Kar ka juya wa teku baya in kana kan duwatsu, kuma kar ka zauna a gindin gaɓa mai tsayi dan neman inuwa, tana zaftarewa.

Mataki na 3: karanta iska da fuskar ruwa

Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, sai iska ta riƙa busowa daga teku zuwa tudu, ita ce wannan mai sanyin da ke tasowa bayan azahar. Da dare abin ya juya. Shi ya sa sau da yawa da sassafe ruwa ke kwance lumui, da la'asar kuma ya fara hargitsewa. Iskar da ya kamata ka fi tsoro ita ce mai busawa daga tudu zuwa teku, dan a bakin gaɓa ruwan zai yi maka kyau kamar faranti, amma duk abin da ke shawagi, balan-balan ɗin yara ko ƙaramin kwale-kwale, can ciki take tura shi.

Matuƙa suna auna iska da ma'aunin Beaufort, daga 0 zuwa 12, wani hafsan sojan ruwan Birtaniya Francis Beaufort ne ya tsara shi a 1805. Ba sai ka haddace ba. Riƙe wannan kawai: in ka hango farin kumfa ya fara yawa a kan raƙuman ruwa can nesa, iskar ta kai mataki na 4, kusan kilomita 20 zuwa 28 a awa, kuma wannan ba ranar ɗan koyo ba ce.

In kana iyo, wurin da ya fi kama da lafiya wani lokaci shi ne mugun. Zaka ga raƙuman ruwa na fashewa dama da hagu amma a tsakiya akwai wani layi da ya yi duhu ya yi shiru, toh nan ne ruwan ke komawa teku da ƙarfi. In ya ɗauke ka kar ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutane. Kwanta rigingine ka huta, ɗaga hannu a gan ka, in da ƙarfinka ka yi iyo a kaikaice, gefen gaɓa, har ka fita daga layin. Inda akwai masu gadin ruwa, yi wanka tsakanin tutocinsu masu ja da ruwan ɗorawa.

Mataki na 4: mutane

Nan ne daɗin yake, kuma nan ne ba a gaggawa. Tunda kana fita lokaci ɗaya da ruwa, zaka riƙa cin karo da fuskoki ɗaya: masunta masu gyaran taru, dattijon da ke zama kan kifaffen kwale-kwale, matar da ke tsintar bawon katantanwa, masu gudu. Satin farko gaisuwa ce kawai. Na biyu a fara "yau ka makara". Zumunta a ƙafa take, a bakin teku kuma har da hannu, dan ranar da ka ga ana jan jirgi zuwa tudu ka ajiye takalminka ka kama, ko wani ya jefo igiya daga jirgi ka cafe, ranar ka daina zama baƙo.

Akwai ladubba 'yan kaɗan. Ba a taka taru in an shanya, zagayawa ake. Ba a hawa jirgin mutum sai ya ce bismillah. Kar ka ɗau hoton mutum yana aikinsa ba izini. Sannan kar ka tambayi masunci takamaimai inda yake samun kifi, dariya zai yi ya nuna maka teku gaba ɗaya da hannu. Tambaye shi dai me yake gani game da iskar gobe, nan zaka sha labari, kuma sau tari abin da ya faɗa maka game da wannan lungun ya fi na waya daidai. Da ɗan gari akan ci gari.

Koyi ƙulli ɗaya mai kyau kafin ka nemi a ɗauke ka a jirgi, wanda matuƙa ke yin madauki da shi a bakin igiya, ba ya zamewa kuma ba ya wuyar kwancewa. Yi ɗan zobe a jikin igiyar, zura bakinta ta ƙasa ya fito, zagaya da shi bayan doguwar igiyar, mayar da shi cikin zoben, ja. Yi ta yi a ƙafar kujera har hannunka ya iya ba sai ka kalla ba.

Mataki na 5: shiga ruwa a jirgin wani

Shekarar farko kar ka sayi jirgi, ko da kuɗin na ƙaiƙayin aljihunka. Bi wanda ya san ruwan. Kafin ku tashi ka gaya wa wani a tudu inda zaku da lokacin da zaku dawo. Sa rigar ceto ka ɗaure ta sosai tun kana kan tudu, ko da kai gwanin iyo ne, wadda aka cusa ƙarƙashin benci ba ta ceton kowa. Wajen shiga, taka tsakiyar jirgin, ka rusuna, ka zauna inda matuƙi ya nuna maka, kuma hannunka kar ya shiga tsakanin jirgi da bangon tasha. Waya a leda mai ɗaurewa, ruwan sha fiye da yadda kake zato, hula.

In jiri da tashin zuciya suka taso, kar ka sunkuyar da kai kan waya, kalli can inda sama ta haɗu da ruwa ka bar iska ta bugi fuskarka. In amai ya zo, bi gefen da iska ke tafiya, kar ka tambaye ni yadda na sani. Ba abin kunya ba ne, tsofaffin matuƙa ma yana kama su.

Bakinka shiru idonka buɗe zaka ga abubuwa da yawa. Mai inji yana ɗaure wata 'yar igiya a jikinsa da ke kashe injin in ya faɗa ruwa. Mai hankali kan raba man inji kashi uku, ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. In za a jefa anga, wato ƙarfen da ke nutsewa ya riƙe jirgi wuri ɗaya, ana sakin igiya kamar ninki biyar zuwa bakwai na zurfin ruwan dan ta kwanta ta kama ƙasa. Da dare jan fitila na hagun jirgi, koriya na dama, kuma in jirage biyu masu inji suka yi gaba da gaba kowa damansa yake kaucewa. A rediyon jirgi, tasha ta 16 ta kiran gaggawa ce a duk duniya, ba a hira a kanta.

In kun dawo kar ka dire ka kama gabanka. Tsaya a kwashe kaya, a wanke jirgi, ka sa wani abu a kuɗin mai ko da an ce ka bari. Wanda ya tsaya wanki shi ake kira ranar fita ta gaba.

Mataki na 6: dare, da gishiri

Ko sau ɗaya a wata ka fita daren sha huɗu, hasken kan ruwan kaɗai ya isa. A daren duhu kuma, a wasu wuraren in ka motsa ruwa da ƙafa zaka ga yana walƙiya shuɗi-shuɗi, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke yin hasken, ba aljanu ba. In gaɓarku kunkurun teku na zuwa yin ƙwai, kashe tocila, haske na ɓatar da 'ya'yan su bar hanyar ruwa su nufi tudu.

Sai batun gishiri. A kowace lita ta ruwan teku akwai kusan giram 35, kuma iska na ɗauke da shi har cikin gida, zif ɗin jaka, makulli, sarƙar keke, gilashin ido, duk sai ya ci. Ajiye bokitin ruwan daɗi a bakin ƙofa, duk abin da ya je bakin teku a ɗauraye shi kafin ya shiga, har ƙafarka. Kafin ka kwanta kuma ka tuna ka ƙara minti 50 a kan ƙararrawar gobe.