Yadda za ka kula da ƙwayoyin hanjinka ba tare da ka ƙarar da kuɗinka a kemis ba

Wata ƙanwata ce ta ja na zauna rubuta wannan. Ta sha maganin taifot na kwana goma, zazzaɓi ya sauka amma sai ciki ya ɗauka, kullum ƙugi da kumburi ga gudawa, shi ne wani mai kemis ya miƙo mata kwalin furobayotik, wato kafso mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rai masu amfani ga hanji, mai shegen tsada ya ce shi ne zai "wanke mata hanji". Na ce Allah ya sauwaƙe, hanji ai ba tukunya ba ne da za a wanke.

Fara da sanin inda ƙwayoyin suke zaune. A jikin baligi akwai bakteriya wajen tiriliyan 38, kuma ba rabon daidai aka yi musu ba. Tumbi, wato inda abinci ke fara sauka, cike yake da ruwa mai tsami ƙwarai da ke kashe yawancin abin da ya shigo, kaɗan ne ke iya zama a wurin, cikinsu har da Helicobacter pylori mai jawo olsa. Ita ce wani likita ɗan Ostireliya, Barry Marshall, ya ɗaga ya shanye da gangan a 1984 don mutane su yarda cewa ita ce ke jawo ciwon, daga baya shi da abokin aikinsa Robin Warren suka samu kyautar Nobel a 2005. Wannan kam kindirmo ba ya korarta, sai gwaji da maganin likita. Daga nan sai ƙaramin hanji, tsawonsa kusan mita 6, a nan jiki ke tsotse amfanin abinci, abinci kuma ba ya daɗewa, 'yan awoyi ne ya wuce, ga ruwan matsarmama na kwarara, shi ya sa ƙwayoyin wurin ba su da yawa sai can wajen ƙarshensa. Babban hanji shi ne kasuwar. Bai wuce mita ɗaya da rabi ba amma kusan duk jama'ar a nan suke, abinci kan kwana ɗaya ko biyu a wurin, babu iska, su kuwa haka suke so.

To me suke ci a can? Abin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa. Dusar hatsi, ɓawon wake, zare-zaren ganye. Su ruɓar da shi su fitar da wasu sinadarai, ɗaya ana ce masa butiret, shi ne abincin bangon babban hanjin kansa, suna kuma samar da bitamin K. In kullum abincinka farar shinkafa ce da burodi da lemon kwalba, duk a sama za a tsotse, 'yan ƙasa su kwana da yunwa, ko ka sha kafso nawa.

Saboda haka abu na farko, ciyar da waɗanda kake da su. Gero da dawa da ba a surfe su har suka yi fari tas ba, wake, alkama da dusarta, miyar kuka, kuɓewa, kwaɗon zogale ko rama, albasa da tafarnuwa, ayaba da ba ta nuna luguf ba. A 2010 an fitar da wani bincike da ya kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso da yaran birnin Florence a Italiya, yaran ƙauyen da ke cin gero da dawa da wake da ganye sai aka tarar hanjinsu ya fi yawan ire-iren ƙwayoyi, ga kuma waɗancan sinadaran masu amfani sun fi yawa. Tuwon da muke rainawa kenan fa. Amma a bi a hankali, wanda bai saba ba ya tashi ya narki wake kwano guda, ranar shi da mutanen ɗakinsa sai haƙuri. Ƙara kaɗan-kaɗan cikin sati biyu ko uku, ka riƙa shan ruwa sosai.

Na biyu, masu rai da za ka ƙara daga waje, su ne furobayotik ɗin. Nono da kindirmo da yogot duk suna ɗauke da bakteriya masu tsamar da madara, dangin Lactobacillus. Koko da kunun da aka dama da tafasasshen ruwa, ko daddawar da ta dahu a miya, suna da nasu amfanin amma wuta ta riga ta kashe ƙwayoyin. Ni na fi son haɗa kindirmo a gida saboda ɗanyar madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wata cuta mai sa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ga yadda nake yi: in tafasa madara lita ɗaya, in sauke ta huce har in iya sa ɗan yatsa mai tsabta in ƙirga goma bai ƙone ni ba, sai in zuba cokali biyu na kindirmon jiya ko yogot marar suga, in juya, in rufe in naɗe da tawul in ajiye wuri mai ɗumi. Da zafi awa 6 zuwa 8 ya kama, da hunturu sai ya kwana. In ta yi zafi da yawa lokacin da ka zuba irin ka kashe su, da safe ka tarar da ruwa tsululu, ya faru da ni ba sau ɗaya ba.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne waɗannan baƙi ne, yawancinsu ba sa tarewa. Wasu tsamin tumbi ya kashe su, waɗanda suka tsira su yi ɗan aikinsu a hanya, in ka daina sha cikin 'yan kwanaki ko makonni sun fita. Don haka kofi ɗaya kullum ya fi jarka guda ranar Juma'a.

Sai maganar antibayotik, nan ne muke yi wa kanmu ta'adi. Ciki ya ɗan murɗa sai Flagyl, mura sai Amoxil, alhali maganin ba ya tambayar wace ce mai cuta wace ce 'yar gida, kuma hanji kan ɗau makonni ko watanni kafin ya dawo daidai. In likita ne ya rubuta, sha yadda ya ce. Kindirmon ko kafson sai ka ba da tazarar awa biyu tsakaninsa da maganin, musamman masu shan Cipro ko tetirasaikilin, don madara na hana su shiga jiki.

In dai sai ka sayi furobayotik na kemis, juya kwalin ka karanta. A ga cikakken sunan ƙwayar, kamar Lactobacillus rhamnosus GG ko Saccharomyces boulardii, waɗannan biyun an fi gwada su kan gudawar da antibayotik ke jawowa, na biyun ma yis ne, ba bakteriya ba, antibayotik ba ya kashe shi. Duba ranar lalacewa, in kuma an rubuta a ajiye a firiji ka gan shi a kan kanta cikin zafin watan Afrilu, bar musu kayansu.

Yaro mai gudawa ORS da zinc ake fara ba shi, zinc ɗin na kwana 10 zuwa 14, uwa ta ci gaba da shayarwa, nonon uwa ma yana da wani irin suga da jaririn ba ya narkarwa, abincin wasu bakteriya masu amfani ne, Bifidobacterium, da ke babban hanjinsa. Bakwaini, da mai shan maganin ciwon daji, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kada a ba su kafson furobayotik sai likita ya ce. In kuma ka ga jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko gudawa ta wuce sati biyu, wannan ta fi ƙarfin kindirmo, asibiti za a je.