Yadda dattijo ɗan fansho zai shirya tafiyar Umara

Da yawa daga cikin iyayenmu, da zarar kuɗin sallama sun shigo hannu bayan shekara 35 ana aiki, Makka ce ke fara zuwa ransu. Allah ya cika buri. Sai dai Umara ibada ce ta ƙafa, kuma gwiwar ɗan shekara 65 ba ta ɗan 40 ba ce. Saboda haka shiri ya fara daga jiki, kafin a zo maganar jaka.

A fara ganin likita tun ba a biya kuɗin kujera ba. A auna hawan jini da sukari, a duba zuciya. A yi allurar sanƙarau, wadda Saudiyya ke wajabtawa, aƙalla kwana 10 kafin isa, a kuma riƙe katin rigakafin shawara. Fasfo ya zama da sauran wata 6 ko fiye. Wanda ake yi wa tantancewar 'yan fansho ya bincika lokacinta, kada ya dawo ya tarar an tsayar masa da kuɗi.

Sai magani, kuma a nan nake so a natsu. Kowane magani ya tafi cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Kada a juye ƙwayoyi a leda ɗaya don rage kaya. A ƙara na mako guda a kan kwanakin tafiya, a sa a jakar hannu, domin babbar jaka takan yi lattin isowa. Saudiyya ba ta wasa da irin su tramadol, kuma goro ma an hana shiga da shi, komai sabon da Baba ya yi da shi. Kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗan unguwa ne. Agogon can yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2, don haka mai allurar sukari ya tambayi likita yadda zai daidaita lokaci.

Wata biyu kafin tafiya, a fara tattaki bayan sallar Asuba, yau kaɗan, gobe a ƙara. Sa'ayi kaɗai, sawu 7 tsakanin Safa da Marwa, ya kai kusan kilomita 3, ga ɗawafi, ga zirga-zirga daga masauki sau biyar a rana. A yi tattakin da takalmin da za a tafi da shi. Sabon takalmi kan yi wa mutum kanta tun ranar farko, kuma ciwon ƙafa ga mai ciwon sukari ba ƙaramin abu ba ne. Maza su riƙe man shafawa marar ƙamshi, saboda cinyoyi kan goge a cikin harami.

Lokacin tafiya ma zaɓi ne. A Hajjin 2024 zafi ya haura maki 50 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Umara tana da sauƙin da Hajji ba shi da shi: kai ke zaɓen wata. Ni dai ina ganin tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi wa tsoho. Goman ƙarshe na azumi akwai falala, amma cunkoson ya fi ƙarfin mai rauni. A biya ta hannun kamfanin da ke da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, a kuma tambaye su ƙarara: mita nawa ne daga masauki zuwa Harami, kuma akwai hawa? Makka gari ne mai duwatsu, "kusa ne" ba amsa ba ce.

Daga Kano zuwa Jidda kusan awa 5 ne. A nemi kujerar gefen hanya, a riƙa miƙewa ana motsa ƙafa. Tsofaffinmu kan ƙi shan ruwa don gudun zuwa bayi, wannan kuwa shi ke kayar da su. In da hali a fara da Madina, a huta, sannan a ɗauki harami a Zul Hulaifa cikin natsuwa.

A Harami kada a ji kunyar hawa keken marasa lafiya. Na ga mahaifina ya tsaya a zagaye na huɗu, hannunsa a kafaɗata yana rawa, gumi ya jiƙa mayafin haraminsa, amma yana cewa shi da ƙafarsa zai gama. Sai da na ce, "Baba, ai Manzon Allah (SAW) ya yi ɗawafi a kan raƙumi, ya kuma umarci Ummu Salama ta yi nata a kan abin hawa da ba ta da lafiya," sannan ya yarda ya zauna. Hajarul Aswad ma nuni da hannu daga nesa ya wadatar, ba sai an shiga turereniya ba.

Katin masauki ya zauna a wuya kullum, da lambar wayar ɗan rakiya a bayansa da manyan baƙaƙe. Ƙofofin masallacin suna da lamba: ta Sarki Abdul'aziz 1 ce, ta Sarki Fahad 79. A zaɓi guda tun ranar farko, a ce in an rabu nan za a haɗu.