Darasi na Tara: Canza Boris a Giyar Tsohuwar Akori-kura

Tsohuwar akori-kura irin Toyota Hilux, ko Peugeot 504 wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, takan yi shekaru tana dakon hatsi da itace kafin giyarta ta fara kuka. A cikin akwatin giyar hannu akwai sandunan ƙarfe uku: ta gaba wadda ke karɓar ƙarfi daga kuloci, da ta ƙasa mai raba shi ga haƙoran giya, da wadda ke miƙa shi ga farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Kowacensu tana juyawa ne a kan boris, wato zobba biyu na ƙarfe masu ƙwallaye a tsakaninsu, kuma rashin mai, da datti, da lodin da ya wuce kima su ne ke cinye shi.

Kafin ka ɗauki sifana, fara aiki da kunnenka. Tayar da mota, ka bar giya a firi, ka saurara. Idan ka ji gurnani, ka taka kuloci ya ɗauke, to boris ɗin sandar gaba ne ya gaji. Idan kuwa sai ka taka kuloci ƙarar ke tashi, laifin na boris ɗin kuloci ne, ba sai an buɗe cikin giya ba. Ƙarar da ke fitowa a lamba ɗaya, da biyu, da uku, amma ta lafa a lamba huɗu, takan nuna boris ɗin sandar ƙasa, domin a lamba huɗu ƙarfi yana wucewa kai tsaye ba tare da ya ɗora mata nauyi ba. Makanikai da yawa suna tsallake wannan mataki, mai mota ya biya kuɗin aikin da bai kamata a yi ba.

Cire kan batir, ka ɗaga motar, ka tokare ta da abin da ba zai goce ba. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Tsiyaye man giya a tasa mai tsabta ka dube shi a rana. Idan yana ƙyalli da garin ƙarfe, ko ka tarar da ɓarɓashi manne a jikin notin tsiyaya, zatonka ya tabbata. Sai ka kwance farfela da sandar giya, ku sauke akwatin ku biyu.

Shimfiɗa buhu mai tsabta, ka jera kowane washa da zobe bi da bi kamar yadda suka fito, domin siririn washa ɗaya da aka juya yana iya hana giya shiga. Kowane boris yana da lamba a gefensa. Mai lamba 6205, alal misali, raminsa milimita 25 ne, faɗinsa na waje 52. Tafi da tsohon kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka gwada shi da sabon, ka nemi na kamfanonin da aka sani kamar Koyo, NSK ko SKF, ka kuma lura sosai domin jabu ya yi yawa.

Wurin sa sabon ne aka fi yin ɓarna. Idan a kan sanda zai hau, zoben ciki kaɗai ake turawa, da guntun bututu daidai girmansa. Wanda ya buga zoben waje da guduma ya riga ya yi wa ƙwallayen tabo, kuma ba za a daɗe ba ƙarar za ta dawo. Ɗumama shi a cikin mai, zafin kada ya wuce na tafasasshen ruwa, zai shige cikin sauƙi. Kada a kusantar da shi ga harshen wuta.

Tunda giya na ƙasa, canza sil, wato robar da ke hana mai yoyo, na gaba da na baya, ka duba faifan kuloci. Bayan ka mayar da komai, zuba irin man da kamfanin motar ya ƙayyade har ya fara dawowa ta bakin ramin zubawa. Gwada motar babu kaya, ka bi lambobin giya ɗaya bayan ɗaya kana saurare, sannan ka leƙa ƙarƙashinta ko akwai yoyo.