Kurakuran da maharban agwagwa suka fi yi wajen zaɓen harsashi

Lambar da ke jikin kwalin harsashi ita ce ke fara rikita sabon maharbi. Yana ganin 6 sai ya ɗauka ta fi 2 girma, alhali abin a juye yake: lamba na hawa, ƙwaya (wato ƙananan ƙwallayen da ke cikin harsashin) na ƙanƙancewa. A ma'aunin Amurka, kaurin lamba 6 wajen milimita 2.8 ne, lamba 4 milimita 3.3, lamba 2 milimita 3.8, BB kuma 4.6. Wannan a yini ɗaya ake gane shi. Ciwon da ke daɗewa a jikin mutum shi ne son manyan ƙwayoyi.

Mutum ya harbi agwagwa sau uku ta wuce abinta, sai ya ce ƙwayar ce ba ta da ƙarfi, gobe ya sayo BB. Ya manta kwanso ba ya ƙara faɗi. A gram 28 na ƙwayar ƙarfe, lamba 4 tana ba ka kusan 190, lamba 2 kusan 125, BB kuwa da ƙyar ta haura 70. Kafin saba'in ɗin nan su yi mita 35 sun watse, tsuntsuwar ta ratsa tsakaninsu kamar ƙaramin kifi a raga mai manyan idanu. Mafi muni ma ƙwaya ɗaya ta karya mata fiffike, ta faɗa can cikin ciyawar ruwa, kai ba ka samu ba, ita ba ta tsira ba. Abin da ke kayar da agwagwa nan take shi ne ƙwayoyi da dama su sami kai, wuya da ƙirji a tare. Ga ƙanana masu saukowa kusa, lamba 4 ta wadatar. Ga manya, 3 ko 2. BB a bar wa dinya.

Sai batun dalma. Agwagwa na tsintar ƙwayoyin dalmar da suka nutse a taɓo, ƙundunta ya niƙe su, gubar ta kashe ta a hankali. Shi ya sa Amurka ta haramta dalma a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991, Tarayyar Turai ma ta hana ta a wuraren dausayi daga Fabrairun 2023. Kuskuren masu komawa ƙarfe shi ne riƙe tsohuwar lambarsu. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, 7.8 ne a kan 11.3, don haka yana saurin gajiya a iska. Ƙa'idar da aka saba: ka ƙara girma da mataki biyu, mai harba dalma lamba 4 ya koma ƙarfe lamba 2. Bismut da tangistan, wasu ma'adinan da ake yin ƙwaya da su, sun fi ƙarfe nauyi, sai dai aljihu zai ji a jikinsa.

Ƙarfe ba ya lotsewa kamar dalma, saboda haka yana fita a dunƙule, ba ya kuma son bakin bindigar da aka matse ƙwarai. A tura shi ta mafi matsewar baki, musamman a tsohuwar bindiga, yana iya kumbura bututun. Matsakaiciyar matsewa ta isa. A Turai akwai tambarin fure da ake bugawa a bindigar da aka gwada da harsashin ƙarfe mai ƙarfi. In babu shi, ka nemi harsashi mai sauƙi ko bismut.

Akwai kurakurai biyu da ba agwagwa suke sa a rasa ba, yatsu ne ko ido. Tsawon ɗakin harsashi a rubuce yake a jikin bututu: milimita 70, 76 ko 89. Dogon harsashi yana iya shiga gajeren ɗaki lafiya lau, sai an harba bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, matsi ya hau. Na biyun, harsashin geji 20 da ya ɓuya a aljihu (geji ma'aunin faɗin bututu ne, na 20 ya fi na 12 siranta): yana zurmawa cikin bututun geji 12 ya toshe, a ɗora na 12 a bayansa. Don haka ne ake yin na 20 rawaya.

Gudun da ake tallatawa a kwali ban cika damuwa da shi ba. Ƙwayar da ta fita da tsananin gudu ita ce iska ta fi turjewa, a nesa bambancin ya ragu, kafaɗarka kuwa ta sha naushi har ka fara runtse ido kafin ka ja kunama.

Abin da yawanci ke ƙyuyar yi shi ne gwaji. Kafa babbar takarda a mita 35, harba, zana da'ira mai faɗin santimita 76 a inda ƙwayoyin suka fi taruwa, ka ƙirga. In ka ga filin da agwagwa za ta shige ba a taɓa ta ba, canza lamba ko matsewar baki, ka maimaita sau uku ko huɗu, don bindigogi biyu iri ɗaya ma ba sa watsa harsashi ɗaya daidai.

Harsashin ƙarfen da ya jiƙe kuma kada ya kwana a jaka har wata shekara. Ƙwayoyin na iya yin tsatsa su manne, su fita kamar curi guda.