Yadda ake haɗa allo na biyu ta kafar USB a kwamfuta mai Ubuntu

Duk wanda ya taɓa rubutu a wani shafi yana duba bayanai a wani shafin ya san wahalar da ƙaramin allon laftof ke bayarwa. Allo na biyu yana magance wannan, kuma irin wanda ake jonawa ta USB yana da wata fa'ida da ta dace da mu: da yawa daga cikinsu daga jikin laftof suke shan wuta, don haka ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba. Sai dai a Linux ba kowane allo ba ne zai kama daga jona shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka san wane irin allo ne a hannunka, domin kusan duk wahalar da mutane ke sha daga rashin sanin wannan take tasowa. Zan yi bayanin a kan Ubuntu, kuma galibinsa zai yi aiki a Linux Mint tunda daga Ubuntu aka gina shi.

Mataki na 1: Gano irin allon

Iri biyu ne, kuma a ido ba za ka bambanta su ba.

Na farko shi ne mai amfani da kafar USB-C wadda ke iya fitar da hoto kai tsaye, tsarin da ake kira DisplayPort Alt Mode. A nan wayar ce kawai ta USB, amma hoton daga katin hoton kwamfutar yake fitowa, tamkar ka jona HDMI. Ba ya buƙatar direba ko kaɗan, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'ura. Sharaɗin kawai shi ne kafar laftof ɗin ta kasance mai fitar da hoto, don ba kowace USB-C ke yi ba. Duba gefen kafar ko akwai alamar harafin D ko ta walƙiya. Ita ma wayar sai ta kasance mai ɗaukar hoto, domin yawancin wayoyin cajin salula caji da 'yan bayanai kawai suke wucewa da su. Idan naka irin wannan ne kuma ya kama, tsallake zuwa mataki na 5.

Na biyu shi ne wanda ke da ɗan cif a cikinsa, kwamfuta ta matse hoton ta tura masa ta USB kamar yadda take tura fayil, shi kuma ya warware ya nuna. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne DisplayLink, wanda kamfanin Synaptics ya saya a 2020. Shi ne a cikin allo irin su ASUS MB169B+ da AOC E1659FWU, da akwatunan haɗi irin Dell D3100 da D6000.

Jona allon, buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, da Ctrl+Alt+T, ka rubuta:

lsusb

Za ka ga jerin na'urori, kowace da lambobi biyu da aka raba da ɗigo biyu. Lambar farko ita ce ta kamfanin da ya yi na'urar ko cif ɗinta. Idan ka ga 17e9, DisplayLink ne, ka ci gaba. Idan kuwa ka ga 1d5c ko 534d, to cif ɗin Fresco Logic ne ko MacroSilicon, irin waɗanda ke cikin adaftocin USB zuwa HDMI ko VGA masu arha. Linux ba ya zuwa da direbansu. Akwai waɗanda 'yan sa-kai suka rubuta, amma sai ka harhaɗa da kanka, kuma ba na ba wa mai koyo shawarar ya fara da su. Shawarata ita ce, in za ka je kasuwa, ka tafi da laftof ɗinka ka gwada wannan umarnin a gaban mai shago kafin ka biya. Minti ɗaya ne, kuma ya fi ka dawo kana roƙon a musanya maka.

Mataki na 2: Tsohon cif ne ko sabo?

Tsofaffin cif na DisplayLink masu aiki da USB 2.0, jerin DL-1xx, suna da direba buɗaɗɗe mai suna udl a cikin kanel, wato zuciyar Linux. Ba abin da za ka sauke, sai ka tsallake zuwa mataki na 5. Sababbi masu USB 3.0, daga jerin DL-3000 zuwa sama, su ne ke buƙatar abubuwa biyu: wani yanki mai suna evdi da ake liƙawa a kanel, wanda buɗaɗɗe ne, da kuma manhajar DisplayLinkManager wadda rufaffiya ce, kamfanin bai saki lambobinta ba. Na faɗi wannan ne don wanda ya zaɓi Linux saboda aƙidar buɗaɗɗiyar manhaja ya san abin da zai saka a na'urarsa. Idan hakan bai kwanta maka ba, allo mai Alt Mode za ka nema.

Ka kuma rubuta lsusb -t ka duba ƙarshen layin allon. Idan an rubuta 5000M, yana kan USB 3.0. Idan 480M ne alhali allon sabo ne, to ka jona shi a kafar da ba ta dace ba, ko wayar ce ba ta da kyau. Nemi kafar da cikinta shuɗi ne ko mai alamar SS. Bambancin ba ƙarami ba ne: USB 2.0 megabit 480 take ɗauka a daƙiƙa, USB 3.0 kuwa gigabit 5, alhali hoton 1920 da 1080 da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa ya kusa gigabit 3 kafin a matse shi. Haka ma wuta: tsohuwar kafar miliamfiya 500 take bayarwa, sabuwar 900.

Mataki na 3: Saka direba

Cire allon tukuna. Sai ka sabunta tsarin ka saka kayan da ake buƙata:

sudo apt update
sudo apt upgrade
sudo apt install dkms libdrm-dev linux-headers-$(uname -r)

Idan sabuntawar ta kawo sabon kanel, kashe kwamfutar ka kunna kafin ka wuce nan. Aikin dkms shi ne ya gina evdi daidai da kanel ɗin da kake kai, ya kuma sake gina shi duk lokacin da kanel ya canza.

Daga nan ka shiga shafin Synaptics, sashen direbobin DisplayLink na Ubuntu, ka sauke ƙaramin fayil mai suna synaptics-repository-keyring.deb. Shi ne zai gabatar wa kwamfutarka rumbun manhajar kamfanin. Sai ka rubuta:

sudo apt install ./Downloads/synaptics-repository-keyring.deb
sudo apt update
sudo apt install displaylink-driver

Akwai wata hanyar ta sauke fayil mai ƙarewa da .run ka gudanar da shi da hannu. Tana aiki, amma na fi son ta rumbu, saboda sabon direba zai riƙa zuwa tare da sauran sabuntawa ba sai ka tuna ba.

Mataki na 4: Secure Boot

A nan ne mutane da yawa suke maƙalewa ba tare da sun gane dalili ba, don haka a bi a hankali. Yawancin laftof na zamani suna zuwa da Secure Boot a kunne, shi kuma ba ya barin a ɗora wa kanel wani yanki da ba a sa wa hannu ba. Duba naka da:

mokutil --sb-state

Idan a kunne yake, lokacin saka direba za a nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri ta wucin gadi. Zaɓi mai sauƙi, ka rubuta ta a takarda, sau ɗaya za ka yi amfani da ita. Idan ka sake kunna kwamfutar, wani shuɗin shafi zai fito kafin Ubuntu ya tashi. Kada ka tsorata, kada kuma ka bar shi ya wuce, don 'yan daƙiƙoƙi yake jira. Danna kowane maɓalli, zaɓi Enroll MOK, sai Continue, sai Yes, ka shigar da kalmar, ka zaɓi Reboot. Wanda ya tsallake wannan shafin, direban zai nuna ya shiga lafiya amma allon zai zauna baƙi ƙirin. Wasu kan kashe Secure Boot gaba ɗaya don su huta. Ni ba na ganin dalilin sadaukar da kariya saboda aikin minti biyu.

Bayan kwamfutar ta tashi, jona allon ka tabbatar da abubuwa uku:

dkms status
lsmod | grep evdi
systemctl status displaylink-driver

Na farko ya nuna evdi da kalmar installed, na biyu ya fito da layi mai sunan evdi, na uku ya ce active. Wanda bai amsa daidai ba a cikinsu, a nan matsalar take.

Mataki na 5: Tsara allunan

Shiga Settings, sai Displays. Zaɓi Join idan kana son allon ya zama ƙarin fili, ko Mirror idan so kake ya nuna abin da ke kan laftof, kamar wajen koyar da ɗalibai. Ja hoton allon ka ajiye shi a gefen da yake a kan teburinka, don maus ya riƙa tsallakawa daidai. Danna Apply.

Idan allon bai bayyana a nan ba, rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE don ka san tsarin nuna hoto da kake kai, x11 ko wayland. In amsar x11 ce, wani lokaci sai an haɗa allon da katin hoto da hannu:

xrandr --listproviders
xrandr --setprovideroutputsource 1 0
xrandr --output DVI-I-1-1 --auto --right-of eDP-1

Sunayen nan biyu na ƙarshe suna iya bambanta a kwamfutarka. Rubuta xrandr shi kaɗai ka ga naka. In kuwa amsar wayland ce, xrandr ba zai yi maka wannan aikin ba, Settings kaɗai za ka bi.

Abin da za ka tarar wajen amfani

Tunda kwamfutar ce ke matse hoton, duk motsin da ke kan allon aiki ne a kanta. Rubutu, lissafi da karatu suna tafiya sumul. Bidiyo mai cika allo kuwa zai sa fankar tsohuwar laftof ta fara huci, batir kuma ya riƙa sauka da sauri. Bar bidiyo a allon laftof, ka mayar da takardu kan na USB. Idan allon yana ƙiftawa ko yana ɗaukewa yana dawowa, fara zargin wuta kafin direba: rage haskensa, cire shi daga kan ƙaramin mai rarraba USB ka jona kai tsaye, in kuma wayarsa mai kai biyu ce ka jona duka biyun.

Sai batun sabunta kanel. Yakan faru sabon kanel ya riga evdi fitowa, ginin ya gaza, ka wayi gari allon da ya yi aiki jiya ya ƙi kamawa. Rubuta dkms status ka gani ko an gina evdi wa kanel ɗin da uname -r ya nuna. Idan ba a gina ba, sake kunna kwamfutar kana riƙe da Shift ko kana danna Esc har jerin GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ya tashi, ya fito, shiga Advanced options for Ubuntu, ka zaɓi kanel ɗin da ya gabata. Ka ci gaba da aiki a kansa har sabon direba ya iso ta apt upgrade, sannan ka koma kan sabon.