Idan ruwan lagireto yana raguwa

'Yan uwa masu tsofaffin motoci irin su Golf 3, idan kullum sai kun ƙara ruwa a lagireto, kada ku yi saurin cewa gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone. Da dare ku shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin, da safe inda ɗigon ya sauka zai nuna muku wajen da za ku leƙa.

Galibi tiyo ne ya tsage kusa da kilif. Ku bari injin ya huce sarai, domin buɗe murfin lagireto da zafi ya ƙona fuskar mutane da dama, sannan ku matsa tiyon da hannu. Wanda ya yi laushi ko ya kumbura ya gama aiki. Murfin lagireto ma yana saki, ruwa ya riƙa tsiyaya ba a lura ba, ga shi da araha amma an fi mantawa da shi. Ku kuma haska ƙasan famfon ruwan injin, yoyonsa yakan bar busasshen farin tabo.

In ƙasa a bushe take amma ruwa na tafiya, ku zaro sandar baƙin mai. Ya koma kalar shayi da madara, ko salansa na ta farin hayaki bayan injin ya ɗumama? To wannan galibi gaskit ne, a kashe mota a kira bakanike.