Katin Barka da Sallah mai ruwan zinare: inda aka fi ɓata aiki

Masu haɗa katin gaisuwar Sallah ko na Kirsimeti da hannunsu, irin mai rubutu mai walƙiya kamar zinare, yawanci tun a wajen firinta suke ɓata aikin. Takardar ƙyallin da ake kira foyil ba kwali take kamawa ba, garin tona take kamawa. Shi tona gari ne mai roba a cikinsa, wanda wasu firintoci ke bugu da shi a maimakon tawada. Da zafi ya taɓa shi sai ya yi danƙo ya riƙe foyil ɗin. Firinta mai tawadar ruwa ba ta da wannan gari, don haka ko ka yini kana gasa katin, ƙyalli ba zai zauna ba. Sai firinta mai leza, ko injin hoto-kwafi na shagunan buga takardu. In can za ka je, ka roƙi mai shagon ya buga maka baƙi ƙirin, ya kashe tsarin tsimin tona. Rubutun da ya fito toka-toka, ƙyallinsa ma tsalli-tsalli zai fito.

Foyil ɗin naɗe kaza a kicin ba ya wannan aiki. Nemi wanda aka ce na tona ne.

Wajen ɗorawa, gefen da ke sheƙi ya kalli sama, marar sheƙin ya kwanta kan rubutun. Ka sa su cikin farar takarda da ka ninka biyu, ka tura ta gefen ninkin a injin laminatin, don kada foyil ya goce ko ya naɗe a cikin injin. Kada ka yi gaggawa: bar injin ya ɗauki zafi sosai. In wuta ba ta da ƙarfi, gara ka jira, ko ka maimaita turawa kafin ka ɓare. Dutsen guga ma yana yi, amma zafinsa ba ya raba daidai, kuma a kashe tururi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙura, musamman da hunturu. Ƙwaya ɗaya tak ta shiga tsakanin tona da foyil, sai ka ga ɗigon baƙi a tsakiyar harafin B na Barka, wurin da ido ke fara sauka. Goge katin da busasshen ƙyalle mai laushi, ka rufe taga, ka kashe fanka. Haka kwali mai kaushi yake yi, domin foyil ba ya shiga ramukansa. Zaɓi mai santsi, nauyin giram 200 zuwa 250 a kowane murabba'in mita (gsm), wanda firinta za ta iya ja ba ya maƙale. Siraran haruffa ma kan ci amana, balle ɗigogin rubutun ajami ko Larabci. Ƙara musu kauri tun a kwamfuta.

Bari katin ya huce kafin ka ɓare foyil, a hankali, daga kusurwa.

Saura ninki. Kada zanen ya hau kan layin ninkin, don ƙyallin zai tsattsage. Ɗora rula, ka ja layi da bayan wuƙa ko biron da tawadarsa ta ƙare, sannan ka ninka. Takardar A4 ɗaya tana ba da kati biyu: yanka ta gida biyu, ka ninka kowanne, sai ya zama A6 da ke shiga ambulan C6 daidai.